Muhawara: Shin ranar hutu ce ta raya tseren Indy 500?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake tun ranar Lahadi. Na roƙi mai gidan kallon unguwarmu ya ware mana talabijin ɗaya domin mu kalli tseren motoci na Indy 500 da ake yi a Amurka, har na ce zan sayi man janareta, sai ya ce ba zai tashi masu kallon ƙwallo saboda motocin da ke zagaye wuri ɗaya ba, matasan da ke kan benci kuma suka bi ni da dariya. Da sun san tarihin abin da suke rainawa, da ba su yi ba. A 1909 Carl Fisher da abokansa uku suka gina filin tseren a birnin Indiyanafolis na Amurka. Gasar motoci ta farko da aka yi a kan tsakuwa da kwalta ta ci rayukan mutum biyar, shi ya sa suka shimfiɗe hanyar da jan bulo miliyan 3.2. A 1910 sun yawaita shirya ƙananan gasanni har 'yan kallo suka fara ja da baya, sai suka yanke shawarar yin tsere ɗaya tak a shekara, mai nisan mil 500, suka ɗora shi a kan bikin Memorial Day, ranar da ma'aikata ke hutu. An fara ranar 30 ga Mayu, 1911, kuma Ray Harroun ya yi nasara da motar Marmon bayan awa 6 da minti 42. Ra'ayina shi ne, zaɓen wannan rana ne ya raya tseren sama da shekara ɗari, ba gudun motoci ba. Wanda yake da ja ya fito.

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ban samu natsuwar karanta sauran bayaninka ba tun da na ga ka rubuta “bikin” Memorial Day. Wannan rana ba ta biki ba ce. Rana ce da Amurkawa suka ware domin tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga, kuma asalinta daga yaƙin basasarsu ne na 1861 zuwa 1865, lokacin da mata da marayu ke zuwa maƙabarta suna ajiye furanni a kan kaburbura. Mu ma a Najeriya muna da ranar tunawa da 'yan mazan jiya a 15 ga Janairu, kuma ban taɓa jin mai hankali ya kira ta biki ba.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ni maganar tarihin tsere na kawo, kuma tambayata ita ce ko ranar hutu ce ta raya shi.

Malam na Tudun Wada: Wanda bai daidaita sunan ranar ba, ta yaya zai gaya mana abin da ranar ta yi wa tsere? Ka janye kalmar tukuna.

Oga Bakanike: Malam, da girmanka, amma taron da mutum kimanin 300,000 ke halarta, ana kaɗe-kaɗe, ana ci ana sha, ana rataya wa wanda ya ci furanni, idan ba biki ba ne to mene ne sunansa? Hausawa suna cewa bikin sallah, suna cewa bikin kamun kifi, kuma duk inda jama'a suka taru da murna, biki ne. Ban ga laifin Baban Khalifa ba ko kaɗan.

Maman Hanifa: Ina tare da Malam. Mahaifina soja ne, kuma na san abin da irin wannan rana take nufi ga gidan da aka fita da mutum bai dawo ba. Masu tseren da kansu ba su ɗauki ranar da wasa ba, domin kafin a tayar da injuna ana yin addu'a, sannan a busa begilar da ake busa wa sojan da ya rasu, filin nan duk girmansa ya yi tsit. Idan masu abu sun san nauyin ranarsu, bai dace mu daga nesa mu sauƙaƙa ta ba.

Oga Bakanike: Hajiya, Allah ya saka wa mahaifinki da alheri, amma busa begila ta 'yan mintuna ce, tseren kuwa yakan ɗauki kusan awa uku. Kuma akwai abin da ku biyu ba ku lura da shi ba. Tun 1971 doka ta mayar da Memorial Day zuwa Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, kuma tun 1974 ranar Lahadin da ke gabanta ake sa tseren. Ke nan ranar makoki daban, ranar tsere daban. Lahadi biki, Litinin juyayi, kowa ya samu nasa.

Malam na Tudun Wada: Wannan hujja taka ni ta taimaka wa. Baban Khalifa bai ce bikin tsere ba, cewa ya yi bikin Memorial Day, kuma a kan 1911 yake magana, zamanin da ake yin tseren a ranar tunawar ita kanta. A wancan zamani ma idan 30 ga Mayu ta faɗo Lahadi, ɗage tseren ake yi zuwa Litinin, saboda girmama ranar ibadarsu. Mutanen da suka kiyaye wannan ba za su yarda a kira ranar matattunsu biki ba.

Oga Bakanike: A ina Malam ya ji ba za su yarda ba? Ni wani abokina da ya zauna a can ya gaya mini cewa yawancinsu gashin nama suke yi a bayan gida a ranar, kuma farkon lokacin zafi suke ɗaukarta.

Malam na Tudun Wada: Sakacin wasu ba ya canza ma'anar rana, kuma abokinka ba hujja ba ne.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kuke ta da jijiyar wuya a kan tseren da direba ke juya sitiyari hagu kawai, zagaye 200 a kan da'ira mai mil biyu da rabi. Motar da ba ta da rufi, ba ta da fitila, tayoyinta a waje, ba mota ba ce da ɗan Adam zai gane. Wanda yake son tarihin tseren motoci na gaskiya ya dubi Le Mans ta Faransa, wanda aka fara a 1923, inda ake gudu awa 24 ba tsayawa, dare da rana, a kan hanya mai sama da kilomita 13 wadda wani ɓangarenta titin jama'a ne, direbobi uku suna karɓa-karɓa. Can ne ake gane injin da ke da ƙarko. Peugeot da iyayenmu suka hau ta ci shi a 1992 da 1993 da 2009.

Oga Bakanike: Ɗan'uwa, ka taɓa riƙe sitiyari a gudun da ya haura kilomita 350 a awa, katanga tana gefenka, motoci 32 suna neman wurinka? Juya hagun da kake rainawa shi ne ya ci ran Eddie Sachs da Dave MacDonald a 1964, lokacin da wutar fetur ta turnuƙe hanya, kuma bayan wannan ne aka koma amfani da man methanol. Ita Peugeot ɗin da kake tinƙaho da ita, a Indiyanafolis ta yi suna tun kafin a san da Le Mans, domin Bafaranshe Jules Goux ya ci da ita a 1913, ta kuma sake ci a 1916 da 1919. Madubin hangen baya da kake dubawa kullum a motarka, Harroun ya ɗaura irinsa a 1911 saboda ya ƙi ɗaukar bakanike a gefensa kamar sauran direbobi. Mu masu sana'a mun san darajar wannan.

Ɗan Maraɗi: Idan yawan mutuwa ne ma'aunin daraja, to hatsarin Le Mans na 1955 ya kashe sama da mutum 80, kuma ba abin alfahari ba ne.

Maman Hanifa: Don Allah ku daina gasa da gawarwaki. Wannan shi ne irin raina mutuwar da Malam yake magana a kai tun farko.

Autan Zaure: Yayyena, duk ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Tseren Monako na Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, wanda aka fara a 1929, ya shekara da shekaru ana yin sa rana ɗaya da Indy 500, kuma shi duniya ta fi kallo. Jim Clark ɗan Formula 1 ne, ya je Indiyanafolis a 1965 da motar Lotus mai inji a baya ya cinye su, daga nan kowa ya watsar da tsohon ƙirar mai inji a gaba. Graham Hill, shi ma ɗan Formula 1, ya ci a 1966, kuma shi kaɗai ne ya haɗa nasara a Monako da Indy da Le Mans.

Oga Bakanike: Auta, ka bari manya su gama. Idan Indy ba kome ba ne, me ya kai su Clark can? Daga 1950 zuwa 1960 ma ana lissafa shi cikin gasar duniya ta direbobi.

Autan Zaure: Yaya, gaskiya ba ta da babba da yaro. Kuma tseren da ake ba gwarzonsa kwalbar madara maimakon abin girmamawa, ai ya nuna matsayinsa.

Maman Hanifa: Kai Auta, kada ka raina madara. Louis Meyer ne ya nemi nonon da aka cire wa man shanu bayan ya ci a 1936, saboda shi ya saba sha idan zafi ya dame shi, daga nan abin ya zama al'ada. Da Emerson Fittipaldi ya sha ruwan lemo a madadinta a 1993, 'yan kallo ihu suka yi masa. Ni wannan al'ada ta fi mini feshin giyar da ake yi a Monako sau dubu.

Baban Khalifa: Jama'a, har yanzu babu wanda ya taɓa tambayata. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya tsayar da tseren daga 1942 zuwa 1945, ciyawa ta cinye filin har ana batun rushe shi a gina gidaje, sai Tony Hulman ya saye shi a ƙarshen 1945, aka dawo a 30 ga Mayu, 1946, jama'a kuma suka cika wurin. Me ya dawo da su idan ba sabo da ranar ba? Ko a 1996, da rikici ya raba masu tseren gida biyu, manyan direbobi suka tafi Michigan suka shirya nasu a rana ɗaya, Indiyanafolis ce ta wanzu.

Malam na Tudun Wada: Sabo da ranar tunawa, ba ranar biki ba. Har yanzu ba ka janye ba.

Shugaban Zaure: To, a dakata haka nan, dare ya yi. Na bi muhawarar daga farko, kuma ga abin da na fahimta. Zaure ya gamsu cewa kalmar da Baban Khalifa ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma Malam da Hajiya sun kafa hujjar da ba a iya rushewa ba. An kuma tabbatar, kamar yadda Ɗan Maraɗi ya yi bayani mai gamsarwa, cewa Le Mans ce ma'aunin ƙarkon mota, kuma ni da na yi shekaru ina tuƙa Peugeot 504 ɗin da aka harhaɗa a Kaduna shaida ne a kan ingancin injin Faransa. Oga Bakanike ya yi ƙoƙari, sai dai zafi ya yi masa yawa. Batun ko ranar hutu ce ta raya tseren kuwa, ba a kawo abin da zai sa a tsaya a kansa ba. Mako mai zuwa za mu ɗauki tarihin Le Mans.

Oga Bakanike: Ranka ya daɗe, wane zaure ne ya gamsu? Mutum biyu ne suka ƙi kalmar, kuma babu wanda ya amsa maganar Lahadi da Litinin yadda ya kamata. Nasarorin Peugeot uku a Indiyanafolis ma ka tsallake su, ka ɗauki na Le Mans kaɗai. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina neman a ƙirga ra'ayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe.