Neman shawara: gindin Hilux ɗina yana zaunawa idan na ɗaura tirela

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux mai ƙofa huɗu ta 2010, da ita nake kwaso shanshera daga gona a yankin Bunza. Bana na sa an ƙera min ƙaramar tirela don ɗaukar injinan ban-ruwa da durom na mai. Ranar Laraba na loda buhu 10 a bodi, kowane wajen kilo 75, na ɗaura tirelar, mu huɗu muka shiga. Gindin motar ya zauna har taya ta kusa taɓa bodi, goshi ya ɗaga sama. Bayan magariba kusa da Kalgo duk wanda muka haɗu da shi sai ya watso min fitila, ashe tawa ce ke shiga idonsu. Abin da ya fi tsorata ni sitiyari ne: ya yi sako-sako a hannuna kamar ba a ƙasa tayoyin suke ba. In ƙara ganyen sifirin ne, ko in sa jakar iskar da ake magana, wadda ake sawa tsakanin aksul da shasi don ɗaga gindi? Da yarana nake hawa motar nan, don Allah a ba ni shawara.

Direba daga Aliero: Wa alaikumus salam. Alhaji ƙara ganye biyu kowane gefe. Haka munka yi ma tamu da muke ɗaukar albasa, tsaye take cak.

Bakanike, Birnin Kebbi: Alhaji, kafin ka sayi ƙarfe ko guda, mu yi lissafi. Buhu 10 kilo 750 ke nan. Mutum huɗu, ka ce kilo 280. Tirelar kuma ba ja kawai take sha ba, tana danne ƙugiyar da ka ɗaura ta a kai. Idan da kayanta ta kai kilo 900, wajen kilo 100 ko fiye na kan gindin motarka. Ka haura kilo 1,100, alhali irin motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Ka duba takardar motar ka ga adadin taka.

Sannan ƙugiyar tana can bayan aksul. Ka san yadda mutum ke tsayawa a gindin kwale-kwale, goshin kwale-kwalen ya bar ruwa? To haka take yi. Nauyi ya tashi daga tayoyin gaba, su ne kuwa masu juya mota, su ne suka fi kama birki. Ƙarin ganye zai ɗaga gindin, jakar iska ma haka, amma ba wanda zai ƙara wa aksul, taya, birki da shasi ƙarfi. Na sha ganin mota tsaye tsaf a ido, an kawo min ita shasi ya lanƙwashe daidai bayan kan direba.

Wani matashi daga Jega: Oga, me zai hana ya tura kayan tirelar baya, ƙugiyar ta yi sauƙi?

Tsohon direba, Yauri: A'a ɗana, kada ka sake ba kowa wagga shawara! Ni ta faru da ni a hanyar Koko. Na jibge buhunan kifi a gindin tirela, ina kaiwa gudun 70 ta fara kaɗa wutsiya, hagu, dama, hagu, har tana jan motar. Hannuna na rawa na ɗage ƙafa daga totur na bar ta ta lafa da kanta. Da birki na taka da ƙarfi, da wani labarin ake yi. Kaya mai nauyi gaban tayar tirela ake sa shi, kamar kashi 60 cikin 100, yadda kashi 10 zuwa 15 na nauyinta zai hau ƙugiya. A bodi kuwa, buhu ya jingina da kan mota, ba da ƙofar baya ba.

Bakanike, Birnin Kebbi: Baba ya faɗi gaskiya. Alhaji ka sami tef, a fili mai daidai, ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodi ta saman kowace taya, ba kaya, sannan da kaya. Idan ba komai a kai amma gefe ɗaya ya fi zama, ko ganyen ya miƙe ya daina lanƙwasa, sifirin ɗin ya gaji, a canza duka biyun tare da ƙusoshin da ke ɗaure su da aksul. Shoka ba ta ɗaga mota, tsalle kawai take hanawa. In an taɓa tsayin gindi, a duba ko motarka na da bawul ɗin nan da ke raba wa tayoyin baya birki gwargwadon nauyi, don shi ma sai an saita shi. Iskar taya kuma a bi ta lodi da ke jikin ƙofar direba, a auna da safe taya da sanyi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na auna: ba kaya, hagu ya fi dama zama da inci ɗaya, muka leƙa sai ga ganye guda a tsage. Jiya an canza sifirin. Yau na rage buhu zuwa 6, na jera su gaba, na matso da durom gaban tayar tirela. Gindi ya sauka inci biyu, gaba kusan bai motsa ba, sitiyari ya dawo hannuna. Sauran buhu huɗun gobe da asuba zan koma musu, in sha Allah.