Hiace tana kik amma ta ƙi tashi: ta ina za a fara?

Mai bas: Assalamu alaikum. Tsohuwar Hiace ce mai injin 2RZ-E, ta fetur mai injekta. Kik yana juya injin da ƙarfinsa, amma ko tari ba ta yi. An canza fulogi, shiru. Wani ya ce a sayi famfon mai. Ku ba ni shawara don Allah.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ɗana. Wutar fulogi, mai ko matsin silinda, ɗayansu ne ya ɓace, sai a gano wanne. Ɗaga kujerar gaba, ka zare robar iska daga bakin turotul, ka fesa maganin wanke kabureta sau biyu, wani ya yi kik. Ka kawar da fuskarka, takan tofo wuta. In ta tashi daƙiƙa biyu ta mutu, wuta lafiya lau, mai ne ba ya isowa. In ba ta motsa ba, a koma kan wuta. Tunda an taɓa fulogi, duba jerin wayoyin: 1-3-4-2 ne. Yara sukan harɗe su.

Oga Rewaya: Gaskiya Baba ya faɗa. Amma kafin nan, Malam, murɗa makulli ba tare da kik ba, ka dubi fitilar inji a dashbod. In ba ta kawo ba, kwakwalwar motar ba ta samun wuta: fis ɗin EFI mai amfiya 15, ko babban rile, ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa a jikin inji. In ta kawo, ɗora fulogi a kan ƙarfen inji da wayarsa, riƙe da filaya mai roba, a yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. Ja siriri ba zai tada mota ba. Buɗe hular distiributa ka nemi tsaga, baƙin layi ko raɓa, musamman yanzu da damina. Akwai kuma ƙaramin akwatin gwaji: haɗa ramukansa masu alamar TE1 da E1 da guntuwar waya, fitilar inji za ta yi ƙyaftawa, sai ka ƙirga. 12 na nufin kwakwalwa ba ta jin juyawar inji, 14 kuwa igineta ko kwayil ne.

Mai injekta: A akwatin nan dai, haɗa ramukan +B da FP don ba famfon mai wuta kai tsaye, da makulli a kunne, ka kara kunne a tanki. In famfo ya yi ƙugi, kuma motar ta tashi da wannan haɗin, famfon bai mutu ba, rilen da ke ba shi wuta ne ko layinsa. Ƙugi kaɗai ma ba hujja ba ne, a sa agogon gwajin matsin mai: wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne) ake nema. Ƙasa da haka, fara canza filtar mai. In kana shan man bumburutu, tara kaɗan a gorar roba mai haske ka ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka.

Baba Makanike: Ku saurari muryar kik ɗin ma. In yana gudu fiii ba tare da nauyi ba, matsi ya tafi. Wannan injin sarƙa gare shi, ba bel ba. Cire hular distiributa, a yi kik, ka ga ko rota tana juyawa; in ba ta juyawa, sarƙar za a zarga. Matsin silinda mai kyau wajen bar 12 ne, ƙasa da 9 akwai aiki, kuma tazarar silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce bar 1. In motar ta taɓa tafasa, gaskit za a fara zargi. Kik kuma kada ya wuce daƙiƙa 10, a bar shi ya huce.

Mai bas: Allah ya saka da alheri. An fesa, ta tashi ta mutu. Na haɗa +B da FP, tanki shiru.

Mai injekta: To kada ka sauke tanki tukuna. Sa fitilar gwaji a soket ɗin famfon da wannan haɗin. In fitila ta kama kuma wayar ƙasa lafiya, famfo ne. In ba ta kama ba, bi wayar, ta tsinke a hanya.