"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": jari ake nufi ko son sana'a?

Matashi daga Mabera:
Assalamu alaikum. Na koyi dukanci, ina kuma shirin buɗe rumfata. Abin da raina yake so shi ne tumtum na fatar jar akuya mai ado, wanda guda ɗaya yake cin kwanaki, amma abin da jama'a suke nema kullum shi ne takalma da kuben wuƙa. Da na faɗa wa kawuna, sai ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Me yake nufi?

Dattijo daga Ƙofar Atiku:
Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar kawunka a fili take: mai ƙishi ba ya iya jan guga. Tumtum ba ya fita sai lokacin biki ko zuwan baƙi, alhali majemi ba ya jiran biki kafin ya karɓi kuɗin fatarsa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai ya ƙara tsada. Ka riƙe takalman, su ne cefanen gida.

Malama daga Runjin Sambo:
Baba, a gafarce ni, ina ganin ruwan cikin ya haɗa da ƙaunar aikin. Wanda zai wuni a duƙe da basilla cikin zafin Afrilu na Sakkwato, yana ɗinka abin da ba ya so, ba zai daɗe ba hannunsa zai yi sanyi, kuma masu saye suna gane aikin gaggawa.

Dattijo:
'Yata, hujjarki tana da kyau, sai dai ba a nan ake kawo wannan karin ba. Hausawa suna faɗarsa ne a kan abin hannu, kamar wanda zai nemi bashi ko ya shiga adashe. Ban taɓa jin an faɗe shi a kan sha'awa ba.

Malama:
Na yarda da wurin da ake faɗarsa, Baba. Amma ko a fassararku, ruwan ciki hanya ce, na rijiya ake nema. Idan takalma sun cinye masa mako gaba ɗaya, yaushe zai zura gugan?

Matashi:
Na gode, Baba da Malama. Idan na ware wa tumtum Alhamis da Juma'a, kuɗin fatarsa daga ribar takalma zan cire, ko in jira sai wani ya ba da kafin alƙalami?