Kyaftin da Iyalinsa: Abin da Aka Tsinta a Hirar Kurket

Hirarmu kan shugabancin ƙungiyar kurket (wasan dukan ƙwallo da sanda) ta fi karkata ga Virat Kohli, tsohon kyaftin ɗin tawagar Indiya. A Disambar 2020, bayan Indiya ta sha kashi a Adelaide, ya bar tawagar a Ostireliya ya koma gida saboda matarsa ta kusa haihuwa. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kyaftin ya horar da mataimakinsa tun da wuri: mataimakin Kohli, Ajinkya Rahane, ya karɓi ragama, Indiya ta lashe jerin wasannin da ci 2-1. Wannan ya ratsa ni ƙwarai.

Wani dattijo ya ce ɗan wasa ya zauna da maiɗakinsa su tsara hutu kafin jadawali ya fito, kada gajiya ta yanke masa hukunci. Batun tanadin kuɗi kuwa, a gurguje aka taɓa shi.