Tayil ɗin roba a filin wasan yara yana ɗagowa, na rasa yadda zan yi

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar makarantar renon yara a Garwa. A watan Disamba na sa aka shimfiɗa tayil ɗin roba a filin wasa, irin wanda ake yi da niƙaƙƙiyar tsohuwar taya, santimita 50 kowane gefe. A kan daɓen siminti aka manna shi. Duk hunturu lafiya lau.

Da bazara ta shigo a Maris, zafi ya haura digiri 40, sai abu ya ɓaci. Da rana robar tana buɗewa, gefuna su ɗago sama, wasu su hau kan juna a tsakiyar fili. Da dare su ɗan koma, amma ba sa kwanciya daidai. Yara biyu sun riga sun yi tuntuɓe. Baƙa ce kuma, da azahar ko babba ba ya iya taka ta babu takalmi, ga warin taya.

Na sa an sake mannawa da gam ɗin masu gyaran takalmi, kwana huɗu ya saki. Na gwada yayyafa ruwa, sai ya shige ƙarƙashi ya ƙara sakin gam ɗin. Wanda ya yi aikin ya matse su har jikin bango, ko tazarar yatsa bai bari ba, yanzu kuma ba ya ɗaukar waya.

Ga damina na ƙaratowa. Don Allah, in na yanke gefen bango na bar tazara, na manna da gam ɗin poliyuritan, zai riƙe, ko dole a ɗaye duka a sake shimfiɗawa?