Mai bishara ya tsaya ko ya tafi?

Ɗan'uwa Matashi: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ni ga inda na tsaya: mai bisharar da ya tattara kayansa ya bar gari don an yi masa barazana ya saki kiran da aka yi masa. Yahaya sura 10 ta raba gardama. Makiyayi na ƙwarai yana ba da ransa domin tumaki, ɗan ƙwadago kuwa da ya hango kyarkeci sai ya ranta a na kare. Ko Bulus, da annabi Agabas ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus ɗin don ya nuna masa abin da ke jiransa a Urushalima, ai bai fasa tafiyar ba.

Baba Fasto: Ɗana, Bulus ɗin da ka kawo, shi ne aka zura a kwando ta katangar Dimashƙu da dare. Ya kuma bar Tasalonika da dare, ya bar Biriya. Za ka ce masa ɗan ƙwadago? A Matiyu 10 Ubangiji da bakinsa ya ce garin da ya ƙi ku, ku karkaɗe ƙurar ƙafafunku, in kuma an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa na gaba. Shi kansa da mutanen Nazarat suka kai shi bakin tudu za su jefa shi, ratsa su ya yi ya wuce Kafarnahum.

Ɗan'uwa Matashi: Baba, ban musa ba. Amma in kowa ya fake da wannan aya, wa zai rage?

Malama: Ƙanena, wannan gardama ta girme mu duka. Tartuliyan, wani malamin Kirista na zamanin dā, ya yi rubutu guda a kan cewa bai kamata Kirista ya guje wa tsanani ba. Sai ga Sifiriyan, bishof na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, a shekara ta 250 lokacin tsananin Desiyus sarkin Roma ya ɓuya, yana kiwon jama'arsa ta wasiƙu. An zage shi a kan haka, har an kira shi matsoraci. A 258 kuma shi ne ya tsaya aka fille masa kai. Mutum ɗaya, ya gudu sau ɗaya, ya tsaya sau ɗaya.

Wanda ya fi gamsar da ni Agustin ne, bishof na birnin Hippo. Da mayaƙan ƙabilar Bandal suka doso Arewacin Afirka, wani bishof ya tambaye shi ko su tafi. Ya amsa cewa in kai kaɗai ake nema, kuma akwai waɗanda za su riƙe jama'a a bayanka, kana iya tafiya. In kuwa hatsarin na kowa ne, jama'a suna nan ba su da mai yi musu hidima, to ba ka da izinin barinsu. Shi kansa a Hippo ya rasu a 430, garin na kewaye da mayaƙa. Don haka ni ba na tambayar ko mutum ya ji tsoro. Ina tambayar wa ya bari, kuma a hannun wa.

Ɗan'uwa Matashi: To Malama, ki dubi ƙasar Ikwado a Kudancin Amurka. A Janairun 1956 aka kashe ɗan mishan Jim Elliot da abokansa huɗu da mashi. A 1958 matarsa Elisabeth da Rachel Saint, 'yar'uwar ɗaya daga cikinsu, suka je suka zauna cikin mutanen da suka yi kisan, kuma wasu daga cikinsu suka ba da gaskiya. A Indiya, 1999, aka ƙone ɗan mishan Graham Staines a cikin mota, matarsa Gladys ta ci gaba da aikin kula da kutare a can har shekaru. Da sun ce rai ya fi, da ba mu da wannan labarin.

Matar Mai Bishara: Ɗan'uwana, ka ce an ƙone Graham Staines, ba ka ce tare da 'ya'yansa biyu maza ba, ƙananan yara da ke barci a motar. Ni ba na iya tsallake wannan wurin.

Ban taɓa faɗin wannan a nan ba. Akwai daren da aka yi ta jifan rufin ɗakinmu. Na kashe fitila, na shiga ƙarƙashin gado da yarinyata, na toshe mata baki da tafin hannuna don kada ta yi kuka a ji inda muke. Ina jin haƙoranta suna karkarwa a hannuna. Mijina yana durƙushe bayan ƙofa, ya tokare ta da kafaɗa yana addu'a. Shi aka kira, ni na yarda na bi shi. Yarinyar nan fa, wa ya tambaye ta? Ina girmama waɗanda suka tsaya, Allah ya sani. Amma yana yi mini ciwo in ji wanda bai kwana irin wannan daren ba yana yanke wa wasu hukunci.

Ɗan'uwa Matashi: Mama, ki gafarce ni. Ba nufina ke nan ba.

Dattijo: 'Yata, Allah ya warkar da zuciyarki. Amma bari in faɗi ɗaya gefen, don a can na fito. Mu ne aka bari. Wanda ya kawo mana bishara ya tafi da asuba ba sallama, muka wayi gari ƙofarsa a buɗe, Littafi Mai Tsarki guda ɗaya ya rage mana a kan benci, cikinmu mutum biyu ne suka iya karatu. Shi yana da inda zai je. Mu ina za mu? Tafiyar ba ita ta ƙona mini rai ba, rashin shirya mu ne. Ya yi shekaru tare da mu, komai a hannunsa, bai koya wa kowa riƙon jama'a ba.

Baba Fasto: Yaya, nan ne gizo ke saƙar. Bulus bai daɗe a wasu garuruwa ba, amma Ayyukan Manzanni 14 ta nuna ya koma Listira inda aka jejjefe shi, shi da Barnaba suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya. A Sin ma, bayan 1949 'yan mishan na waje suka fice cikin 'yan shekaru, mutane da yawa suka ɗauka aikin ya mutu. Bai mutu ba, 'yan ƙasa suka riƙe shi a gidaje, ya ƙaru.

Malama: Wani lokaci ma zaman baƙon ne ke jawo wa masu bi na wurin masifa, don ana ganinsu a matsayin yaransa. Kamata ya yi a tambaye su kafin a ce za a tsaya dominsu.

Ɗan'uwa Matashi: Na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin akwai wuraren da in mai bishara ya fita, ƙofar ta rufe ke nan tsawon tsara guda. Mama, in ba damuwa, ku yaya kuka yi?

Matar Mai Bishara: Kwana uku bayan wannan daren muka kira masu bi muka faɗa musu komai. Wani tsoho a cikinsu ya ce mu fitar da yara. Muka fitar. Mijina yana komawa wurinsu lokaci lokaci, ya kwana biyu ya dawo. Duk ranar da ya tafi, ba na runtsawa sai na ji motsinsa a bakin ƙofa.