Ina labarin matan asali a tarihin mishan na Kalifoniya?

Maman_Hanif:
Salam jama'a. Ina ɗan karanta tarihin mishan 21 ɗin nan da limaman Katolika 'yan Sifen suka kakkafa a Kalifoniya daga 1769 zuwa 1823, to duk inda na duba sunan Junipero Serra ne da sauran limamai, shi har waliyyi Paparoma Francis ya ayyana shi a 2015. To matan 'yan asalin ƙasar fa, su da suka sha niƙan masara da saƙar ulu da girkin ɗaruruwan mutane? Babu wanda ya rubuta komai a kansu ne?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. An rubuta mana, sai dai a rajistar baftisma da ta aure da ta mutuwa, kuma da sunan da liman ya raɗa mata za ki gan ta. Nemi labarin Toypurina, mai magani ce 'yar ƙabilar Tongva, tana cikin waɗanda suka kitsa bore a mishan na San Gabriel a 1785, asiri ya tonu aka kama su, da aka yi mata tambayoyi ta ce haushin limaman take ji saboda sun zo sun zauna musu a ƙasa. Daga baya aka yi mata baftisma aka kai ta arewa nesa da danginta, ta rasu a 1799.

Zee_Ummi:
Ni abin da ya fi ci min rai wannan ɗakin na cikin mishan da limaman suke kira monjerio, wai yara mata da duk wadda ba ta da miji da dare sai a tura su ciki a datse da makulli sai safiya, tagogi ƙanana can sama, ga cunkoso, shi ya sa in cuta ta shigo kamar ƙyandar 1806 sai dai a yi ta ɗauke gawa. Amma masu yawon buɗe ido ƙararrawa da furanni ake nuna musu.

Abban_Sadiq:
Gaskiya ne, amma kar mu mai da su abin tausayi kawai 'yar uwa. Ascencion Solorsano, wata 'yar ƙabilar Mutsun, tana kwance ciwon ajali daga 1929 zuwa farkon 1930 ta yi ta faɗa wa masanin harsuna John Harrington kalmomin yaren Mutsun da magungunansu, jikokin ƙabilar da waɗannan takardu suke farfaɗo da yaren yanzu.

Maman_Hanif:
Na gode Malam, rajistar nan akwai ta a intanet?

Malam_Tarihi:
Akwai, laburaren Huntington ya tattara ta.